Karofi na Takwas

Kwanakin baya wani direba da ke bin hanyar Zurmi ya biyo ya gaishe ni, muna cikin hira sai ya ce mini ganuwar kufan nan da nake yawan ba direbobi labarinta ta ƙare. Masu buga tubali sun ci rabi, garmar shanu ta cinye saura, yanzu in ka tsaya a wurin gero kawai za ka gani har iyakar ganinka, sai kukoki uku ko huɗu da suka gagari gatari. Ya faɗa ne kamar yadda ake faɗin an ƙara kuɗin mai, ya shanye ruwan da aka kawo masa, ya tashi. Ni kuwa na kasa cin abincin rana. Uwargidana ta tambaye ni ko wani nawa ne ya rasu, na ce a'a, don gaskiyar magana ba ni da kowa a wurin. Ba garinmu ba ne, ba ni da ko tafin hannu na ƙasa a cikinsa. Kufan wasu ne. Amma tun ina yaro nake ƙyashin masu shi, ga shi furfura ta gama da kaina abin bai sake ni ba.

A Kaura aka haife ni, a unguwar tasha, lokacin da jirgin ƙasa ke da rai. Yaran yanzu da ke ganin awaki kwance a kan layin dogo ba za su gane ba in aka ce musu akwai lokacin da kukan jirgi ne ke gaya wa mata su ɗora sanwa. Kaura ce ƙarshen layi, jirgi in ya iso nan sai dai ya juya. Babana lebura ne, buhunan gyaɗa da auduga yake ɗauka a ka daga sito zuwa tarago, shi da abokansa, da waƙar da suke yi don su daidaita ƙafa. Aikina kafin makaranta shi ne in ɗebo ruwa tulu biyu a gulbin Gagare, in yanko wa awakin Inna ciyawa, da yamma kuma in bi bayan leburori in tsince gyaɗar da ta zube daga buhunan da suka huje, Inna ta soya ta yi mana ƙuli. Unguwarmu kowa daga wani wuri ya zo. Akwai Katsinawa, akwai Zazzagawa, akwai Nufawa da Yarbawa, akwai mutanen Maraɗi. In sallah ta matso sai ka ga ana ɗaure kaya, kowa ya ce zai je gida. Mu ba mu taɓa ɗaure kaya ba. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba, na zaci mu ne masu gari.

Ina aji uku aka kawo mana wani yaro daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi ya zauna wurinmu ya yi makaranta, don ubansa ya saba da Babana wajen kawo gyaɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da ransa, da 'ya'ya da jikoki. A gidanmu Baƙo ake ce masa, sunan kuma ya bi shi har ya girma. Tabarma ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci. Yaro ne mai sauƙin kai, ba ya riƙe abu a zuciya, kuma babu abin da yake so a duniya kamar jirgi. Yakan kwanta ya kara kunnensa a ƙarfen layi ya ce yana jin tahowarsa tun daga Gusau. Ni da aka haifa a bakin jirgi ban ga abin kallo a cikinsa ba.

Wani hutu, da damina ta kama ƙasa, ubansa ya roƙi Babana ya bar ni in bi Baƙo ƙauye in taya su noman farko. Muka hau bayan motar 'yan kasuwa har Zurmi, daga nan muka taka a ƙasa. Gero ya kai gwiwa. Ni da na saba da ƙarar ƙarfe da hayaƙin gawayi, sai ga ni a wurin da in gari ya waye babu abin da kake ji sai luguden mata a turmi, gida ya amsa wa gida, da kukan jakuna, da ƙarar fartanya in ta haɗu da tsakuwa. Yanzu injin niƙa ya kashe lugude, ko a ƙauyen ma, yarinya sai ta yi aure ba ta san nauyin taɓarya ba. A can na haɗu da kakan Baƙo, wanda kowa ke kira Tsoho. Dogo ne ramamme, idonsa ɗaya ya fara hazo, tafin hannuwansa da farcensa kuwa shuɗi ya kama su ya ƙi fita, don marini ne, shi ne na ƙarshe a gidansu da ya riƙe sana'ar. In ka zauna kusa da shi warin shuni da toka kake ji. Tsakaninsa da Baƙo sai tsokana irin ta kaka da jika, ya ce masa rago, shi kuma ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ni ɗan tasha yake ce mini.

Wata safiya bayan an tafka ruwa, ƙasa ta yi laushi ba a iya shiga gona, Tsoho ya ɗauki sandarsa ya ce mu biyo shi, zai je ya gai da mutanensa. Na zaci wani ƙauye za mu. Muka yi tafiya har rana ta ɗaga, muka ƙetare wani rafi da ruwa iya ƙugu, sai ga wani dogon tudu ya tare mana gaba, ya miƙa dama ya miƙa hagu, geza da ƙaya sun rufe shi. Tsoho ya ce ganuwa ce. Akwai wani giɓi inda tudun ya rabu, ya ce ƙofar gari ce, ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai jiran a amsa, sannan ya shiga. Ciki babu ɗaki ko ɗaya. Kukoki ne manya-manya birjik, waɗanda mutum biyar ba za su kewaye gindin ɗaya ba, da tsamiya, da ciyawa, da kukan kurciya ta ko'ina. Amma Tsoho ba ya tafiya kamar mai ratsa daji. Sai ya miƙe, ya karkata, ya kewaye wani abu da ni ban gani ba. Da na yanke ta wani fili don in riga shi, ya daka mini tsawa ya ce in dawo, cikin gidan liman na shiga, kuma ta ɓangaren mata.

Daga nan na fara gani. Ya nuna mana inda kasuwa take ci, ƙasar wurin baƙa ce, cike da tsingaro, fasassun tukwane da tuluna, sai ƙaras-ƙaras suke yi a ƙarƙashin ƙafa. Ya nuna mana unguwar maƙera, inda dattin ƙarfen da suka narka ke zube kamar ƙonannun duwatsu. Ya nuna rijiyar da ta cike har kanya ta tsiro a bakinta, da wasu dogayen kaburbura da aka jera wa duwatsu, ya ce mutanen da ba irin tsawonmu ne da su ba. Shi kansa bai ga garin da rai ba. Kakarsa ce ta fita daga cikinsa tana budurwa ranar da yaƙi ya watsa shi, ita ta riƙa kawo shi yana yaro tana nuna masa lungu-lungu, tana cewa mutumin da bai san inda aka binne cibiyar kakansa ba iska ce ke zaɓa masa hanya. A ƙarshe ya kai mu gindin wata tsamiya, ya share ciyawa da sandarsa, sai ga bakunan ramuka a jere, zagayayyu, gefensu da tauri kamar dutse, ruwan sama ya taru a ciki. Karofi ne, ramukan da ake rini. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kowane da sanda yana kiran sunan mai shi da ɗan kirarinsa, wane mai baƙin da ba ya zuba, wane da ba ya rina wa azzalumi. Bakwai ne. Na ukun na uban kakarsa ne. Ya durƙusa ya yi musu addu'a.

Ni dai na tsaya baki buɗe. Ji nake kamar in na yi shiru sosai zan ji ƙarar masu bugun zane a bayan tsamiyar. Na juya in ga ko Baƙo ya ji abin da na ji, sai na hango shi can a kan ganuwa yana harbin kurciya da danƙo. A nan abin ya fara shiga zuciyata. Shi ke da duk wannan, ramuka bakwai da sunaye bakwai da ƙofar da ake yi wa sallama, ga shi ya juya musu baya. A gefen wani karofi ruwa ya zaizaye ƙasa, na ga wani guntun tsingaro ya leƙo, bakin tulu ne, na zaro na goge da rigata. A cikinsa akwai shaidar babban yatsa, inda maginiyar ta danna yumɓu tun yana ɗanye, har zanen fatar yatsan ana gani. Na sa yatsana a wurin, ya zauna daram. Wata mata da ta mutu tun kafin a yi mafarkin jirgi ta taɓa nan, ni ma na taɓa. Na ruga na nuna wa Tsoho. Ya juya shi kusa da idonsa mai gani, ya daɗe, sannan ya ƙwala wa jikansa kira. Da Baƙo ya sauko ya damƙa masa a hannu.

"Riƙe, wanga na gidanku na. Hannun wata kakarka na."

Baƙo ya ce to, ya jefa a aljihu tare da tsakuwoyinsa. Ba mu kai rafi ba a hanyar komawa wata kurciya ta sauka a kan marke, ya laluba aljihu, abin da hannunsa ya fara kamawa ya sa a danƙo ya saki. Ina gani tsingaron ya tashi ya faɗa cikin ƙaya. Ko kurciyar bai samu ba. Ban san lokacin da na hau shi da duka ba. Muka yi ta birgima a cikin taɓo, shi yana tambayata me ya yi mini, ni kuwa ina kuka ina dukansa, na kasa faɗa. Tsoho ya raba mu da sanda. Bai tambayi dalili ba, ya dai dube ni ya ce Allah kan ba wani gona, ya ba wani son noma.

Da na koma Kaura na sami Babana ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, yana zaune a zaure yana gyaran gammonsa, na tambaye shi ina namu kufan yake. Ya yi kamar bai ji ba. Na sake tambaya, na ce ina garinmu, wanda za mu je in sallah ta zo. Ya ajiye gammon. Ya ce ubansa sunansa Dangana, kuma ba shi ne sunan da aka raɗa masa ranar suna ba. Yana ƙaramin yaro mahaya suka ɗauke shi a bakin wani rafi, aka sayar da shi sau biyu kafin ya yi wayo. Abin da ya iya tunawa na garinsu kawai shi ne akwai dutse a bayan gidansu, kuma uwarsa tana da tsaga uku a kumatu. Har ya mutu bai san gabas ne ko kudu ba.

"Daga gare shi munka hwaro," in ji Baba. "Bayan shi babu kowa. Kak ka ƙara tambaya ta, kuma kak ka kai maganag ga waje."

Sai a ranar na gane dalilin da ya sa kowace Juma'a Inna ke dama fura, ni da Baƙo mu rarraba sadaka muna cewa Allah ya kai ladan kabarin Dangana, shi kaɗai, ba a taɓa haɗa shi da wani suna ba.

Daga nan ban sake kallon Baƙo kamar da ba. Muna ci tare muna wasa tare, amma in malami ya yabe shi sai in ji ƙyashi, in ya ce ƙauyenmu sai in ji kamar da gayya ya faɗa. Shi bai san ina yi ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ya ci jarrabawa ya wuce Sakkwato, ya zama ma'aikacin gwamnati. Ni na tsaya a aji bakwai, na shiga bin mota, na zama direba, Kaura zuwa Zurmi, ranar Alhamis kuma Shinkafi. Duk sanda na sami sarari sai in sayi goro in ratsa ƙauyensu wurin Tsoho. Shekaru na yi ina wannan zirga-zirga. Da idonsa ya rufe duka ni nake riƙe masa sanda zuwa kufai, shi yana faɗa mini inda zan karkata. Na haddace sunayen nan bakwai da kirarinsu, na san gidan liman da na sarkin maƙera, na san ƙofar da mayaƙa suka shigo da wadda mata suka fita da goyo. Mutanen ƙauyen suna mini dariya, suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. Tsoho bai taɓa faɗin haka ba, amma duk ranar da muka gama zagaye sai ya ce in na ga jikansa in gaya masa abin da na ji, don nasa ne. Ko sau ɗaya bai ce namu ba. Ranar da ya rasu ina cikin masu ɗaukar makara, amma da aka zauna karɓar gaisuwa, Baƙo da ya iso daga Sakkwato bayan an rufe Tsoho ne aka shimfiɗa wa tabarma a gaba, ni ina layin masu cewa Allah ya jiƙansa.

Shekaru suka shuɗe, jirgi ya daina zuwa sai jefi-jefi, sito ya zama kango. Sai aka ba mu jihar Zamfara. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda gari ya ɗauka. Kowa ya tuna shi Bazamfare ne, kowane gida aka shiga tono asali, wanda bai taɓa tambayar sunan kakansa ba ya wayi gari masanin tarihi. Baƙo ya dawo Gusau da babban muƙami. Wata rana da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gidana. Ya shigo da littafin rubutu a hannu, ya zauna a tabarma kamar da, ya ce gidan rediyo ne suka neme shi ya yi bayanin tsohon garinsu, tunda an san shi jikan marinan wurin ne, shi kuwa wallahi in ban da kukoki babu abin da ya riƙe. Ya faɗa yana dariya, ba kunya ba girman kai. Ya ce in taimake shi.

Na so in ce na manta. Maganar ta zo har bakina. Shekara nawa ina tara abin nan da gorona da tafin ƙafata, shi kuma zai zo da mota ya kwashe a wuni ɗaya, a ji muryarsa a ce ɗan asali ya yi magana. Amma amanar Tsoho ce, kuma makaho ne ya ba ni ita, hannunsa a kafaɗata. Na fara faɗa yana rubutawa, tun daga ƙofar gari har rijiya, aka kawo abinci muka ci, muka yi azahar muka ci gaba. Da muka iso karofi na jero masa bakwai da kirarinsu. Ya ɗago ya tambaye ni ko shi ke nan. Ban shirya ba, Allah ne shaida, sai na ji bakina ya ce akwai na takwas, can gefe, ƙasa ta rufe shi, na wani ne ana ce masa Dangana, zuwa ya yi ya zauna da su, ba shi da kirari. Alƙalaminsa ya ɗan tsaya. Sannan ya rubuta.

Ranar da aka sa shirin ina tashar Shinkafi ina jiran mota ta cika. Mai shayi ya ƙara murya, mutane suka taru. Na ji kalmomina suna fitowa da muryar Baƙo, har inda Tsoho kan tsaya ya ja numfashi shi ma ya tsaya, don haka na faɗa masa. Wani dattijo kusa da ni ya ce ka ji ɗan gado, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar ta ci ni. Sai Baƙo ya zo kan karofi, ya kira bakwai, ya kira na takwas. Na ji sunan kakana ya fita a rediyo, a jerin masu gari, ƙasar Zamfara tana saurare. Na tashi na zagaya bayan mota na jingina da ita, abokan aikina suka zaci zazzaɓi ne ya kama ni. Daɗin bai kai la'asar ba. Na yi wa matattu ƙarya, na ci amanar makaho, kuma na sa abokina ya faɗi ƙaryar da bakinsa a gaban jama'a.

Na yi wata biyu ina juya abin a raina, sannan na shirya na tafi Gusau na same shi a gida ranar Asabar. Bayan gaisuwa na ce na zo ne in faɗa masa wani abu game da karofin nan. Bai bar ni na ƙarasa ba.

"Bakwai na," ya ce. "Ban riƙe komi ba, amma tun ina goye nike jin Tsoho shina ƙirga su. Kuma shekara nawa ni da kai muna rabon hurar Dangana? Kana zaton na mance sunan?"

Na tambaye shi to me ya sa ya faɗa. Ya ce da ya koma gida ya daɗe yana duban sunan a takarda, ya ɗauki alƙalami zai soke, sai ya tuna shekarun da ya yi yana cin tuwon gidanmu, ba a taɓa tambayarsa ɗan wane ne shi ba kafin a zuba masa. Ya ce garin da ya ɗauki jama'a haka ba zai rasa wurin mutum ɗaya ba, in kuwa akwai laifi, a raba mana shi biyu ranar gobe kiyama. Daga nan ya sa aka kawo mana abinci, ya shiga tambayata lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, kamar maganar da muka gama ta tsadar albasa ce.

A motar komawa Kaura na zauna a gaba kusa da direba. Ya kamata in ji sanyi a raina, kuma na ji kaɗan. Amma in zan faɗi gaskiya, tunda tsufa ya zo, abin da ya fi yawa shi ne tsohon ciwon nan. Abin da na kai ga yin ƙarya don in sami ɗan gurbi a cikinsa, shi ya miƙo mini da hannu ɗaya, bai ko ji ya ragu ba. Mai abu ne kaɗai ke iya kyauta irin wannan. Har muka shigo Kaura ina ƙyashinsa a kan wannan ma.